Kaɗanyar da Na Zana a Bayan Lorin Abukari

Aboabo, Tamale, Yuni 1958

Zuwa ga Azeta, ruwan farkon damina, inuwar tsakar rana, man da ke kwantar da kaushin zuciyata.

Gaisuwa mai tarin yawa. Tun ranar kasuwar da kika tsaya bayan lorin Abukari kika yi wa zanena dariya har da hawaye, ban sake riƙe buroshi ban tuna da ke ba. Kwana tara na yi ina zana ƙauyenku a jikin katakon nan: jar ƙasa, ɗakunan ciyawa, zabi, da ke kanki a gindin kaɗanya. Sai kika ce ɗan birni ya tona wa kansa asiri, don na zana ki kina tsinko 'ya'yan daga reshe, alhali kaɗanya ba a tsinkarta, ba a girgiza ta, sai ta nuna ta faɗo da kanta a tsinta. Wayyo ni Masahudu! Wa ya aike ni?

Amma dariyar ta ɗauke da kika hango tarakta a gefe, da bututun masana'anta yana hayaƙi ƙarƙashin sabuwar tuta. Kika ce taraktar ta fuskanci itatuwanku kamar za ta cinye su, kuma wanda ya zana haka ba zai bar matarsa zuwa tsintar kaɗe ba. Abukari ne ya ce a sa su, wai ƙasa ta samu 'yanci, motarsa ba za ta yi yawo da ƙauye zalla ba. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, ina son ƙarar inji. Amma ina amfanin injin matse man kaɗe in an sare uwar man?

Na gyara. Tarakta ta juya baya tana noman fako can nesa, hayaƙi ya koma siriri kamar na murhunki. Ke kuma kin sunkuya, ƙwarya a gefenki. Abukari ya yi ta mita, na ce ya shafe da kansa in ya iya.

Ran Juma'a motar za ta bi ta ƙauyenku Sagnarigu. Ki duba, ya hasken idona, don ina sonki son da ya fi ƙarfin fenti! In gyaran ya yi miki, ki bari in aika da goro gidanku. In ba ki shirya ba, ba zan girgiza reshe ba. Ina nan a gindi da ƙwaryata.

Naki har kaɗanya ta daina 'ya'ya,
Masahudu mai fenti