Juma'arka Ba Ta Zo Daidai da Rukunin Yamma Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, a duk inda kake.

Na rubuto nan fili ne, a shafin sada zumunta, domin wata huɗu ke nan ba ka ɗaga waya, sai dai rubutu.

Ranar da ka ajiye tuƙi a unguwar Suwaidi, nan Riyad, ka mayar wa kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka, makullin motarsa, ka ce mana ka samu aikin jan motar kayan wata ƙungiyar hokin ƙanƙara a Kanada. Ka ce a rukunin yamma na gasar take, can bakin teku. Umma ta ce, "Ƙanƙarar ma har da yamma da gabas?" Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Ni na ɗauki abin da gaske. Tunda na gama jami'a ina zaune jiran aiki, sai na haddace rukunin nan. Na san garuruwansa, na san ranakun wasa. Duk safiya nake gaya wa Umma inda kake, ita kuma ta kai wa matan unguwarmu ta Nasim labari.

Cikin watan jiya ka rubuta cewa kun tafi wasa wani gari, "ɗan rukuninmu". Na duba sau uku. Garin a rukunin gabas yake, kuma ran nan ƙungiyarku a gida ta buga. Na ce ƙila gajiya ce.

Sai Juma'ar da ta wuce. Ƙarfe huɗu na yamma a Riyad ka rubuta, "Yanzu muka sauko daga masallaci." Yaya, a lokacin gari bai gama wayewa a yammacin Kanada ba. Inda ake saukowa Juma'a a wannan sa'ar, agogonsu ɗaya da na Kano.

Ko dai ba ka can, ko kuma ba kai ke riƙe da wayar ba. Na biyun ne ke hana ni cin abinci.

Ban gaya wa Umma ba. Jiya ta sa na nemo maka safar sanyi a kasuwa, na saya, na kasa haɗa ido da ita.

In tafiyar ce ta lalace, wallahi ba mai yi maka gori. Kai ka goya ni zuwa makaranta, ba za ka taɓa zame mini abin kunya ba. Muryarka kawai nake so, ko ta minti ɗaya. In Juma'a ta zagayo ban ji ta ba, zan zaunar da Umma in faɗa mata abin da na gano.

Allah Ya tsare ka, Ya sa kai ne kake karanta wannan.

Ƙanwarka,
Hadiza