Igiyar da Aka Ɗaure wa Kwamin Wankanmu

Gyem Lham,
Gidan Bakin Rafi, Ƙauyen Shingkarpang,
Gundumar Tsarilung.
Litinin, 20 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Dasho,
Shugaban Gundumar Tsarilung.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUFE KWAMIN WANKAN DUWATSU NA GIDANA BA TARE DA GWAJI BA, DA SAMMACIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, ni Gyem Lham, manomiya, mai shekara sittin da uku, matar Ap Nado kafinta, ina kawo kukana a kan jami'in duba tsafta, Kuenzang Thinley. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Ina roƙon Dasho ya karanta wannan har ƙarshe, ko da wani sashe bai yi masa daɗi ba.

1. Kwamin da ake magana a kansa na katako ne, yana cikin rumfa a bayan gidana. Mijina ne ya sassaƙa shi da hannunsa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ba kasuwanci nake yi da shi ba. Mutanen gida ne ke shiga, sai maƙwabta in an gama girbin shinkafa jiki ya yi tsami. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikin mijina na dama ya shanye. Laraba da Asabar nake shigar da shi, da sanin likitan da ke duba shi. Ban ce ruwan zai warkar da shi ba. Abin da na sani shi ne, in ya yi rabin awa a ciki, yatsunsa kan buɗe har ya riƙe kofin shayinsa da kansa.

2. Tunda tsafta ce ake tuhumata a kai, ga yadda nake yi, a auna. Ruwa daga rafi nake janyowa, sabo, kuma ba a taɓa shiga ruwa ɗaya sau biyu a gidana ba. Duwatsun kogi nakan gasa su har su yi ja, in tsoma kowanne a bokiti ya zubar da toka, kafin in sa shi da awartaki a ɗan ɗakin da aka keɓe wa duwatsu a ƙarshen kwami, ya ɗumama ruwan. Wanda ya tsage ba ya komawa wuta. Ganyen tazargaden da nake zubawa a ruwan, a ranar nake tsinko shi. Da an fito sai in zare matoshi, in kwashe tsakuwa, in goge katakon da toka da soso, lungu-lungu, in ɗauraye sau uku. Daga nan in bar ruwa mai tsabta kamu ɗaya a ciki, in rufe. Wannan ruwan na ƙarshe shi ne ran kwami. Katako in ya bushe yakan motse, haɗinsa ya buɗe, kuma ba kowane haɗi ne ke komawa ba. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san haka.

3. Ranar Asabar, 28 ga Oktoba, wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido su biyar, waɗanda suka sauka a sabon masaukin da ke saman hanya, suka biyo ta gidana. Sun tsaya bakin rumfa, sun ɗauki hoton wuta da duwatsu, sun sha shayi, sun tafi. Ko takalmi babu wanda ya cire. Bayan kwana uku aka ce biyu daga cikinsu sun yi ƙuraje a baya da cinya. Mai masaukin, Penjor Wangdi, ya ce a gidana suka ɗauko. Shi kuwa kwamin roba yake da shi mai inji, wanda ruwa ɗaya ke zagayawa a cikinsa. Matan da ke yi masa aiki 'yan ƙauyenmu ne. A tambaye su sau nawa ake zubar da ruwan a wata.

4. Ranar Litinin, 6 ga Nuwamba, da misalin ƙarfe biyu na rana, jami'i Kuenzang Thinley ya iso gidana a cikin motar masaukin. Na shimfiɗa masa, na kawo shayi. Bai ɗebi ruwa don gwaji ba, ko kwalba bai zo da ita ba. Ya leƙa kwamin daga nesa, ya zazzaga wata farar hoda mai warin bilic a ciki, ya sa na zare matoshi, ya ɗaure murfin da igiya, ya liƙa takarda mai hatimi. Ya ce a bar shi a bushe kwana talatin. Na ce masa, "Ɗana, kwana talatin ba ruwa, ai itacen girki za ka dawo ka tarar." Ga amsarsa kamar yadda ta fito daga bakinsa, a gaban maƙwabciyata Passang Om: "Aum, uwata, zamani ya wuce wankan akurki. In ya tsage ki dafa shayi da shi." Mijina yana zaune a bakin ƙofa, yana ji. Bakinsa ba ya fitar da magana sosai yanzu, amma kunnensa lafiya lau.

5. Na bi umarni. Ina so a rubuta wannan, domin sammacin bai ambata ba. Kwana bakwai ina bi. Sau biyu na hau motar haya zuwa ofishin jami'in, ranar 8 da ranar 10 ga wata, ɗauke da ruwan rafinmu a kwalba. Ranar farko aka ce ya fita. Rana ta biyu na same shi, ya ce ba a karɓar ruwan da mutum ya ɗebo da kansa. Na ce to ya zo ya ɗiba. Ya ce babu mota. Na ce wadda ta kawo shi ran nan fa? Sai ya ce in fita.

6. Ranar Litinin, 13 ga Nuwamba, da safe, na shiga rumfa na ga hasken rana yana ratsowa ta tsakanin katakon gefe. Na sa farce a tsagar, ya shige. A wannan makon mijina ya rasa wanka biyu, hannunsa ya dunƙule har sai da na riƙa ba shi abinci a baki, yana kau da kai don kunya. Na koma cikin gida na ɗauko lauje, na tsinke igiyar, na ɓamɓare takardar, na saki ruwa. Ni na yi, da rana tsaka, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya taya ni. Kwana biyu kwamin yana yoyo kamar kwando kafin katakon ya kumbura. Haɗi uku sun koma. Na huɗu, na kusurwar hagu, bai koma ba, na cusa masa tsumma da ƙaro. Mutum ɗaya ne ya san yadda aka haɗa wannan kusurwa, kuma ba zai sake riƙe kurfin sassaƙa ba. Na wanke hodar sau bakwai. Ranar Laraba, 15 ga wata, na hura wuta na shigar da mijina. Ranar Asabar ma haka.

7. Ranar Alhamis, 16 ga wata, aka kawo mini sammaci cewa in bayyana ranar Juma'a, 24 ga Nuwamba, in amsa laifin karya hatimin hukuma, in kuma sa hannu a takardar neman afuwa. Zan zo, da ƙarfe tara zan iso. Laifin tsinke igiya na amsa shi tun yanzu, hukuncinsa kuma zan ɗauka. Takardar afuwa ce ba zan sa wa hannu ba, domin a cikinta an rubuta cewa kwamina ƙazami ne ya sa wa mutane cuta. Wannan ƙarya ce, kuma ban kai shekara sittin da uku don in dangwala yatsa a kan ƙarya ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Dasho:

(a) ya turo wani jami'i daban, a motar hukuma, ya ɗebi ruwan kwamina da na masaukin a rana ɗaya, a gwada su, a karanta sakamakon a gaban taron ƙauye;

(b) ya tambayi baƙin nan, tunda masaukin na da lambobinsu, ko ƙafar ɗayansu ta taɓa ruwana;

(c) ya sa a janye umarnin bushewa. In gwaji ya nuna cuta a kwamina, ni da kaina zan faskara shi. Kafin nan kuwa, ina sanar da hukuma a rubuce, don kada a ce na ɓoye: kowace Laraba da Asabar hayaƙi zai tashi a bayan gidana.

(d) ya umarci jami'i Kuenzang Thinley ya zo ya tsaya gaban Ap Nado ya janye maganarsa. Ni ba na bukatar komai daga gare shi.

Ina yi wa Dasho fatan lafiya da tsawon rai a kan aikinsa.

Taka mai biyayya,

Gyem Lham
(dangwalen babban yatsan dama)

Ƙari: Lopen Dago, tsohon malamin makarantarmu, shi ya rubuta mini wannan takarda daga bakina. Ya roƙe ni har sau uku a cire sakin layi na shida, ya ce da hannuna nake miƙa musu sanda. Na sa ya karanta mini takardar daga farko zuwa ƙarshe, na kuma kai wa jikar Passang Om da ke aikin jinya ta sake karantawa, don in tabbata bai cire a ɓoye ba. Yana nan.