Wayar da Likita Ya Ɗaura Min a Baki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Tana iya fitowa tsakar gida kuwa?

Ni lafiya lau, sai gajiya. Guga ce dai a tsaye daga safe har yamma.

Kin tuna turamen haƙorana biyu da aka cire? Likita ya ce maimakon na roba, zai jawo na can ƙurya, waɗanda suka fito bayan na girma, su cike giɓin. Ya ɗaura min waya a baki. Duk wata sai ya ƙara matse ta, in yi kwana uku ba na iya tauna komai. Ba wani ciwo ba ne sosai, na dai ɗan rame. Abokiyar aikina cewa take bakina ya koma shagon mai walda.

Jiya na tambaye shi yaushe za a gama. Ya ce, "Haƙori a hankali yake tafiya, sai nan da shekara ɗaya da rabi. In kika bari a tsakiya, wahalar ta tashi a banza." Ke nan dawowar da na yi wa Inna alkawari bana ba za ta yiwu ba, kuma na kasa faɗa mata da bakina. Ki lallaɓa ki gaya mata.

Amma don Allah, in kin ga jikinta yana ja da baya, kada ki ɓoye min. A ranar zan sa ya kwance wayar, in taho da giɓina.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Auta