Ƙyallen Zanen Zuliha

Bunkure,
14 ga Janairu, 2007

Zuwa ga aminiyata Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yata Baraka. Yaya Fatakwal, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta hana ta fita.

Tun da kika tafi garin nan ya yi mini faɗi. In an tashi makaranta nakan biyo ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani, in tsaya a kan gadar da muke zama muna saƙa, in rasa abin da ya tsayar da ni.

An tura mu malaman firamare koyon kwamfuta a Kano duk Asabar. Jiya malaminmu ya bar mu mu leƙa intanet, sai na faɗa wani shafi da mata daga ƙasashe daban-daban suke saka hoton ɗinkinsu. Zuliha, da ƙyallaye suke zana gari guda! Wata tsohuwa ta ɗinka tafkin garinsu, har da inuwar kwalekwale a cikin ruwa. Na juya zan taɓa ki in ce duba, sai na ga bango ne a gefena.

Jaji direban tumatir zai kawo miki wannan. Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Mubina


Bunkure,
11 ga Maris, 2007

Zuliha,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya Baraka? Jaji ya ce ya miƙa wasiƙata a shagon maigidanki, amma har yau shiru.

Ni ma na fara. Ranar kasuwa ina bin teloli ina tsintar ƙyallaye, Inna tana cewa na zama abin kallo. Kanal ɗinmu nake ɗinkawa: shuɗin yadi ya zama ruwa, kore ya zama albasa, jajayen maɓallai suka zama tumatir. Malaminmu ya ɗauki hotonsa tun bai ƙare ba, muka saka a shafin. Tsohuwar nan mai tafki ta rubuto, wai tana jin ƙarar ruwan. Na yi murna ƙwarai, amma daga Kano har gida ina cikin bas ina rarraba ido, babu wanda zan gaya wa.

A kan gadar na sa 'yan mata biyu. Ni na ɗinka kaina da tsohon mayafina. Gurbinki yana nan fari, don na kasa sa miki tufar wata. Ki aiko mini da ko ɗan yankin zanenki. In kuma laifi na yi miki, don Allah ki faɗa mini.

Taki,
Mubina


Bunkure,
6 ga Mayu, 2007

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Jaji ya kawo mini 'yar leda, babu wasiƙa a ciki. Shi ya gaya mini kin yi ɓari, kin daɗe a asibiti, har yanzu hannunki rawa yake, ba ki iya riƙe biro. Ina nan ina ta fushi da ke, ashe kina can kwance cikin baƙin mutane.

Na ga ƙyallen. Bakinsa ya karkace, na san da hannunki kika yanka. Ban gyara shi ba, haka na ɗinka shi.

Matan shafin suna ta tambaya ko na gama. Na ce musu eh, amma akwai wadda za ta riga su gani. Tumatir ya ƙare, gobe Jaji zai yi zuwansa na ƙarshe, sai kuma baɗi. Na naɗe ɗinkin na ba shi. Ki sa a rataye miki inda za ki riƙa ganinsa daga kan gado.

Kada ki wahalar da hannunki wajen ba ni amsa. Zan jira.

Inna tana duba ki.

Taki har abada,
Mubina