Gadon Sama

Litinin, 4 ga Yuni, 1984
Likita ya ce Baba Shekari, mahaifin matata Judith, sai an kai shi Ibadan a yi masa aikin baya, kuma a kwance zai je. Mota ba ta yiwuwa, sai jirgin ƙasa mai ɗakin kwana. Judith cikinta ya tsufa. Yayanta George yana Jos, wai hutu ya ƙi samuwa. Saura wa? Ni, surukin da Baba bai taɓa shan ruwan gidansa ba tun da muka tare a Barnawa. Har yau gani yake 'yarsa ta yi faɗuwar baƙar tasa. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 9 ga Yuni, Ibadan
Jirgin safe sai bayan la'asar ya ga damar tashi. Wai fes kilas. Fanka a rataye don ado, famfo a bushe, katifa kuwa kuɗin cizo sun riga mu kama wuri. Bayan gida, ba zan ɓata biro a kansa ba.

Gadaje biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Na kwantar da Baba a na ƙasa, na ɗora ƙafa a tsani, sai ya ce, fuskarsa na kallon bango, "A garinmu suruki ba ya kwana a kan surukinsa."

Na sauko. Na shimfiɗa jarida a ƙasa kusa da fo ɗin fitsarinsa, kyankyasai suka yi ta fareti a kaina har Jebba, gado kuma yana sama babu kowa. Al'adar da aka ƙirƙiro a bukka, ita aka ɗauko aka shigo da ita tarago. Haushi kamar in fashe.

Talata, 19 ga Yuni
An yi aiki, ya farfaɗo. Ni ke juya shi, ni ke kwashe fo. Ko sannu.

Alhamis, 28 ga Yuni, Barnawa
Mun dawo. Tarago ɗaya, ƙazanta ɗaya. Bayan Mokwa inji ya mutu a dokar daji, muka wuni muna dahuwa. Na yage kwali ina yi masa fifita har hannuna ya sage. Mata suka fito daga wani ƙauye da dafaffiyar doya, na saya na marmasa masa, ya ci kaɗan.

Da yamma ta yi jirgi ya tashi, na ɗauko jaridata zan shimfiɗa. Ya ce, "Albert, hau sama."

Na ce, "Baba, al'adar fa?"

"Suruki aka hana," in ji shi. "Kai ɗa ne, hau."

Na hau. Ashe sama ta fi ƙasa muni: hanci na gogar rufi, ruwan sama na ɗiga daidai wuya. Ga ƙarar ƙarfe ta hana ni jin numfashinsa, sai na yi ta leƙowa kamar ƙadangare a kan katanga.

Lahadi, 15 ga Yuli
Wata mai zuwa za a koma a duba ɗinki. George ya zo bayan coci, hutu ya samu yanzu, wai shi zai kai Baba. Na ce masa bai san jirgin nan ba, bai san yadda ake juya Baba ba, tsoho kawai zai wahalar. Judith ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Jirgin banza ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Gobe kafin ofis zan biya tasha in kama mana ɗaki.