Wardin da Baba Ya Kawo Daga Madina

Abakpa, Kaduna,
6 ga Oktoba, 1957.

Zuwa ga Yayana Rabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Uwani da yara, da aikin tashar jirgi, da zafin Nguru. Takardarka ta iso ran Talata, layi biyar cif, na ƙirga. Kai da ka yi makarantar Midil, ni da na koyi rubutu a ajin Yaƙi da Jahilci na fi ka cika takarda. In tawada ce ta yi tsada a can, gaya mini in aiko maka.

Bayan haka, idon Baba ya ƙara lalacewa. Na hagu ya tafi tun da azumi, na daman ma sai abu ya matso kusa. Ya daina fita kasuwa, ko da yake har yau in aka buɗe kwalbar turare a zaure, yana daga ɗaki zai faɗi sunan turaren. Ran Asabar mai zuwa Kawu Adamu zai kai shi asibitin ido a Kano.

Amma abin da ya hana ni sukuni wardin nan ne. Rabonka da shi tun yana tsinke uku naɗe a jelar rawanin Baba, ranar da ya dawo daga Hajji shi kaɗai, ya baro Inna a maƙabartar Madina. Biyu sun bushe, ɗaya ya kama. Yanzu ya fi ni tsawo, ganye kore shar, ga ƙaya, amma shekara biyu ke nan ko fure ɗaya bai yi ba. Baba ya kafa masa rumfar zana don kada rana ta taɓa shi. Sau biyar a yini a gindinsa yake alwala, ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa. Ni da nake 'yarsa, na dawo gida bayan takaba, ban samu rabin wannan gatan ba. Ya sha gaya mini cewa abin da ya rage masa ya roƙi Allah a duniya shi ne ya ga furen da idonsa kafin idon ya rufe.

Ka tuna Malam Dauda maƙwabcinmu, mijin Balaraba? Shekara ashirin ya yi yana aikin gadina, wato kula da lambu, a gidajen Turawa. Ya shigo duba Baba, ya ga itacen, ya kama haɓa. Ya ce gata ne ya hana shi fure. Wai wardi rana yake so da ɗan ƙishi, kuma in damina ta ɗauke sai an datse shi ƙasa-ƙasa, a bar kamar kamu ɗaya, sannan sabon reshe ya fito da fure a kansa. Baba ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce ƙarfe ba zai taɓa abin da ya fito daga Madina ba muddin yana numfashi. Malam Dauda ya sha ruwa ya yi sallama.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in ga ni a gindin itacen ina ƙirga rassa. Jiya ma miya ta ƙone ina tsaye a can. Yaya, in na bar shi yadda yake, Baba zai makance bai ga komai ba. In na yanke ya mutu, na kashe abu ɗaya da ya rage mana daga inda Inna take kwance. Kai ne babba, ka faɗa mini abin yi. Na san kafin amsarka ta iso Baba ya je Kano ya dawo, amma dai ka rubuto.

Ka gaida Yaya Uwani da kyau, ka shafa mini kan yara.

Ni ce ƙanwarka,
Kaltume.


Abakpa, Kaduna,
24 ga Oktoba, 1957.

Zuwa ga Yaya Rabe,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, amsarka ta zo jiya. Ka ce in yi haƙuri in bar itacen yadda Baba yake so. Na gode da shawara. Ta makara da kwana tara.

Na yanke shi, Yaya. Baba ya tafi ran Asabar, na daure Asabar da Lahadi, ran Litinin da hantsi na aika Balaraba ta aro mini almakashin mijinta. Malam Dauda ya ƙi shigowa, ya ce ba zai sa hannu a abin da mai gida ya hana ba. Daga bayan katanga ya tsaya yana gaya mini inda zan sa baki: sama da ido kaɗan, wato ɗan kumburin da reshe ke fitowa, a karkace, don kada ruwa ya kwanta. Na yi bismilla na fara. Reshen farko da na biyu ina kuka, daga na uku kuwa wani irin zafin rai ya zo mini, ban tsaya ba sai da na bar sanduna huɗu tsirara. Na cire rumfar, na zuba tsohon kashin shanu, na zagaye gindin da toka saboda gara. Sannan na ja da baya na dubi abin da na yi.

Ran Lahadi suka dawo. Kawu Adamu ya ja ni gefe ya ce likita ya duba, ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma abin da ya saura ba zai wuce 'yan watanni ba. Ban gama jin wannan ba na ga Baba ya ɗauki buta ya nufi wurin alwalarsa. Ya miƙa hannu inda ya saba taɓa ganye, bai taɓa komai ba. Ya tsuguna yana lalube har ƙaya ta soke shi. Na zo na durƙusa na faɗa masa ni ce, da dalilina. Da zagina ya yi, ko ya ɗaga mini sanda, da na ji sauƙi. Sai kawai ya miƙe. Ya goge jinin a rigarsa ya shiga ɗaki.

Yau kwana huɗu bai ci abincina ba. In na kai, yadda na ajiye haka zan ɗauke. Balaraba ce ke aiko masa da tuwo, shi ma loma biyu yake yi. In na gaishe shi yana amsawa, kamar yadda ake amsa wa baƙo a hanya.

Ga abin da ke cina. Koren ganyen nan yana cikin 'yan abubuwan da idonsa ke iya kamawa, da safe yakan zauna yana kallonsa. Yanzu na raba shi da ganyen, furen kuma ban san ko zai zo ba. Sandunan suna nan yadda na bar su. Sau goma nake zuwa a yini ina kankare ɓawon da farce in ga ko cikin da sauran kore. Malam Dauda ya aiko mini cewa in ban daina ba, farcena ne zai kashe shi.

Kada ka rubuto mini cewa ai ka faɗa. Ka taya ni da addu'a kawai. Gaisuwa ga mutan gida.

Ƙanwarka,
Kaltume.


Abakpa, Kaduna,
17 ga Nuwamba, 1957.

Yayana Rabe,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Uwani. Yaya jikin ƙaramin, ya warware daga tarin? Allah ya ƙara sauƙi.

Wardin ya tsiro. Kwana goma sha biyu da yankan na ga wasu jajayen tsiro a jikin sanda uku, ta huɗun ta yi baƙi na cire ta. Yanzu rassan sun kai taƙi biyu. Kada ka ce na huta, wahalar ma yanzu ta fara. Akuyar gidan Kawu ta shigo ta cinye reshe guda, na bi ta da muciya har bakin titi ba mayafi, unguwa ta sha kallo. Sai ga wasu ƙananan ƙwari kore sun lulluɓe kan tsiron, kullum da safe ina wanke su da ruwan sabulu ɗaya bayan ɗaya. Barcin rana na daina, ko gidan suna aka kira ni ba na zuwa.

Ni da Baba kuwa wani yaƙi muke yi ba magana. Ni ina ba itacen ruwa bayan kwana uku, yadda aka koya mini. Shi kuma in ya ji na shiga madafa sai ya lallaɓo da butarsa ya juye a gindin. In na fito na ga ƙasa jiƙe sai in kawo busasshen yashi in zuba. Ya san na sani, na san ya sani. Haushi nake ji, amma in na ga sawun sandarsa a wurin sai tausayi ya kama ni.

Shekaranjiya na ga ƙulli a kan reshen tsakiya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Malam Dauda ya ce furen ke nan, nan da sati uku in Allah ya so. Ban gaya wa Baba ba, ina tsoron in sa masa rai abin ya kakkaɓe. Kuma idon yana gudu fiye da itacen. Jiya Kawu Adamu ya tsaya a gabansa da rana tsaka, sai da ya yi magana Baba ya san da mutum.

Kullum ina lissafin sati uku, ina duban ƙullin, ina duban idon Baba. Ka nemi hutu ka zo, Yaya. Jirgi a ƙofarka yake tsayawa, ba ka da hujja.

Taka,
Kaltume.


Abakpa, Kaduna,
8 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, don doguwa ce a zuciyata ko da ba ta cika shafi ba.

Idon Baba ya rufe tun ƙarshen wata. Ran Alhamis ta wancan satin ya tambayi Balaraba ko hadari ne ya haɗu, alhali rana na tsakar ka. Furen kuwa sai shekaranjiya Juma'a ya buɗe. Kwana takwas ne tsakaninsu. Da na yi ƙarfin hali tun ranar da Malam Dauda ya faɗa, da ya gani. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi.

Da gari ya waye na fito na gan shi a buɗe, na tsaya riƙe da tsintsiya na rasa yadda zan yi. In gaya wa makaho ga abin da ya roƙa ya gani? Ina cikin wannan sai ga Baba ya fito daga ɗaki. Ya yi taku uku ya tsaya cak, ya ɗaga kai yadda yake yi in an buɗe sabuwar kwalba. Sai ya jingine sandar a bango, ya tafi kai tsaye, ba lalube, ya durƙusa a gabansa ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya kira sunan Inna. Mero. Shekarata talatin da ɗaya a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, na san kai ma haka.

Ya kira ni, na matso. Ya tambaye ni launinsa, na ce kamar cikin gwaiba. Ya ce haka ne, shi ne. Daga nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Ashe kwana biyu kafin zazzaɓin ya kwantar da ita, Inna ce ta ga wardin a wani lambu a bayan gari, ta tsaya ta roƙi mai lambun ya yankar mata tsinke uku. Ta ƙulle furen a bakin mayafinta, da ƙamshinsa ta cika. Tsinken kuwa ta ce a kawo wa Kaltume, don ita ce duk abin da ta dasa yake kamawa. Nawa ne, Yaya. Saƙona ne daga Inna, Baba ya riƙe shekara biyu ya kasa ba ni, wai in ya miƙa kamar ya gama rabuwa da ita ke nan. Ya ce in yafe masa. Ni da na zo neman gafara, ni aka roƙa. Sai na fashe da kuka.

Ya sa aka aro almakashin Malam Dauda. Shi da ya ce ƙarfe ba zai taɓa itacen ba, ya bi reshen da yatsa har ya sami ido, ya tambaye ni ko nan ne, ya datse da kansa, ya sa mini furen a tafin hannu. Sannan ya ce yunwa yake ji, ko da sauran koko. Kwano biyu ya sha.

Ga ɓallen furen guda na sa maka a cikin takarda, ban sani ba ko ƙamshin zai kai Nguru. Akwai ƙulli huɗu a hanya, Malam Dauda ya ce kwana goma. Har yanzu ban iya zama ba, yanzu ma sau biyu na ajiye alƙalami na je na duba su. Ka zo kafin su buɗe. Na gaya wa Baba na kira ka, ya ce ba zai gan ka ba, amma in ka shafa turaren da ya ba ka ranar aurenka, zai san kai ne tun kana zaure.

Ka gaida Yaya Uwani da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Kaltume.