Inna Ta Kira Auta Da Sunanki

Zuwa ga Yayata Doguwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Kawu Direba ya warke daga ciwon baya, har ya koma kan mota yana cika fasinja da surutu. Shagon ɗinkina yana nan yadda kika san shi, sai dai tsohon keken ya fara tsinka zare. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya kullum kika tambaya sai in ce da sauƙi, ke ma kin san wannan ba amsa ba ce.

Maganar Inna ce. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, hannun ya ɗan dawo, tana riƙe cokali, amma bakin ne ya ƙi. Likita ya ce maganar tana nan a ciki, hanyar fitarta ce ta toshe, mu yi ta yi mata hira. Da farko tana ƙoƙari. Za ta so ruwa ta ce bargo, ta so bargo ta ce ƙofa, mu yi dariya, ita ma ta taya mu da rabin bakinta. Ko ba komai, akwai murya a ɗakin.

Sai Auta ta dawo hutu daga kwalejin horon malamai. Kin san Autar Inna, abin da ta ji a aji jiya shi ne gaskiyar duniya yau. Ta ce malaminsu ya koya musu cewa mai koyon harshe in ya yi kuskure aka ƙyale shi, kuskuren zai zauna masa a baki har abada, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce dariyar da muke yi cutar Inna muke yi. Ta yanka kwali ta zana kofi da ƙofa da takalmi, ta ja kujera gaban gado, aka buɗe aji. Ta hana nuni da hannu. In Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, sai Auta ta ɗan janye shi, ta ce sai an faɗi sunansa tukuna. Kada ki ɗauka mugunta ce, Yaya. Na sha samun ta a kicin tana feƙe fensir tana share hawaye. Ni ma ban hana ba, na ce ita ta yi karatun, ni almakashi na sani.

Inna ta biye mata na ɗan lokaci. Wata rana da hantsi ta nemi ruwa ta ce bargo, Auta ta ce a'a, ruwa, a maimaita. Inna ta dube ta, ta dubi kofin, ta juya fuska bango. Daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba. Tana cin abinci, tana shan magani, a juya ta ta juyu, amma bakin a rufe.

Auta ta koma makaranta, sai ga wata malama da wani darasin. Ita kuma cewa ta yi, wai kuskure alama ce mai koyo yana kan hanya, tsoron gyara ne yake ɗaure harshe, a bar mutum ya faɗa yadda ya iya. Auta ta ce tana zaune tana rubuta wannan a aji, ta rubuta har ƙarshe, sannan ta fita ta tsaya a baranda ta rasa inda za ta nufa. A wancan darasin ita ta zo ta ɗaya, na san a wannan ma ita za ta zo. Da ta dawo ta zuba kwalayen a kwandon shara, ta zo shago ta tambaye ni wanne ne mai gaskiya cikin malaman biyu. Na ce ban sani ba, na ci gaba da kalmasa siket. Yanzu a ƙasa take zama kusa da gado, tana ɓare lemo, tana ba Inna labarin maƙwabta, ba ta tambayarta komai.

Shekaranjiya da yamma ina naɗe wanki a ɗakin, sai Inna ta juyo ta kafe Auta da ido, ta ce, "Doguwa." Tar ya fito, kamar ba ta taɓa ciwo ba. Auta fa, wadda sai ta taka kujera take kaiwa saman kabad. Na ga bakinta ya buɗe, a'ar ta riga ta iso leɓe, sai ta haɗiye ta, ta ce, "Na'am, Inna." Inna ta kama wuyan hannunta, har barci ya ɗauke ta. Daga nan har yau Inna ba ta sake cewa komai ba.

Ya kamata a ce na yi kuka ko na yi murna, amma ban ji komai ba, na ƙarasa naɗe wankina. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ban sani ba ko kuskure Inna ta yi, ko ke take nema. Ba na ce ki taso ba, na san hanya da nisa, ga yara. Na dai ga bai kamata in ci gaba da ce miki da sauƙi ba.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan Ƙaramin da 'Yar Baba. Kawu Direba da Gwaggo suna gaisuwa. Auta ma tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata aron sunan, za ta ci gaba da amsa miki har ki zo ki karɓi abinki.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Mai Ɗinki